Masu Gina Shafin Intanet da Suka Fara da Sauraron Masu Ciniki

Ina sayar da kayan wutar rana kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, kuma a bara na ba wasu matasa biyu, waɗanda suka yi karatu a Jami'ar André Salifou, aikin gina wa shagona shafin intanet tare da sanya shi a taswirar Google. Abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi shi ne hanyar da suka bi wajen zaɓen kalmomin da mai nema zai rubuta ya same ni.

Kafin su taɓa kwamfuta, sun yi kwana uku suna zama a kan bencin ƙofar shago, suna rubuta yadda kowane mai ciniki yake kiran abin da ya zo nema, sannan da izinina suka saurari saƙonnin murya da ake aiko mini ta WhatsApp. Ni da kaina na so a cika shafin da Faransancin da ke jikin kwali, domin ina ganin ya fi kwarjini, amma takardarsu ta nuna mini cewa mutumin unguwar Birni ko Zango ba ya faɗin haka. Cewa yake yi yana son panno da batir da za su riƙe masa firigo idan kuran, wato wutar lantarki, ya tafi, alhali baƙon da ya shigo daga Kano ko Daura ta hanyar Magarya ko Matamai sola yake tambaya, da firiji da fanka. Duka suka sanya su cikin jimloli masu ma'ana, ba a jere kamar lissafin kaya ba, kuma suka haɗa sunayen garin biyu, Zinder da Damagaram, tun da kowanne yana da masu rubuta shi.

Sun kuma lura cewa yawancin mutane ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ a salula, don haka suka tabbatar cewa wanda ya rubuta "kudin batir" zai iske shafin kamar wanda ya rubuta "kuɗin". Wannan ƙaramin abu ne, amma ya nuna mini cewa sun san mutanensu.

Inda suka gaza shi ne bayan miƙa aiki. Sun yi alkawarin dawowa kafin bazara, lokacin da zafin Afrilu da Mayu yake ƙara neman fanka, domin su sabunta kalmomin, amma sai da na yi ta kira kafin ɗayansu ya zo. Duk mai shagon da zai ɗauke su, ina ba shi shawara ya sa ranar wannan dawowa a rubuce, kuma ya riƙe wani kaso na kuɗin har sai an cika ta.