Canva ko CorelDRAW?

Kullum sai an tambaye ni wanne za a koya cikin waɗannan manhajojin zane guda biyu, to ga amsata.

Canva akwai na kyauta, a waya ma za ka haɗa fosta cikin minti 10, sai dai yana cin data. CorelDRAW kuwa sai da kwamfuta, lasisinsa da tsada, koyonsa sai haƙuri, amma tambarin da ka zana ko an ƙara masa girma an buga shi a allon talla ba ya yin dishi-dishi, kuma masu ɗab'i a Kano fayil ɗinsa suka fi nema. Abin da ke damuna da Canva, tambarin kwastomanka yana iya yin kama da na wani shagon, tunda kowa na iya ɗaukar samfuran zanen da ke ciki.

Mai tallan kaya a WhatsApp, Canva ya ishe shi. Mai son sana'ar zane ya rungumi CorelDRAW.