Kwalbar tahina da waken gwangwani: yadda hummus ɗina ya fito

A Madina na fara cin hummus lokacin Umara, wato markaɗaɗɗen wake da ake haɗawa da niƙaƙƙen riɗi ana dangwala da burodi. An kawo shi a faranti da man zaitun kwance a tsakiya, ga burodin Larabawa da ɗuminsa, kuma tun da na dawo abin yake raina. Makon jiya na shiga wani kanti a nan Kano na sayi kwalbar tahina (niƙaƙƙen riɗi) 'yar Lebanon da gwangwani biyu na waken da ake yin sa da shi. Sunan waken ne ma hummus a Larabci, mutanen Sudan kuma kabkabe suke ce masa. Ya yi kama da gurjiya, sai dai yana da ɗan tsini.

Gwangwanin an rubuta giram 400, amma da na tsiyaye ruwan wajen 240 ya rage, don haka gida mai yawa gwangwani ɗaya ba ya zuwa ko'ina. A karon farko wankewa kawai na yi na zuba a bilenda, ya fito tsaki-tsaki, ɓawon yana kama harshe. Na biyun sai na sake tafasa shi na minti 15 da ɗan ruwan kanwa, na murje shi cikin ruwa kamar za a yi alala, ɓawon ya taso na kwashe. Nan ne ya yi sulɓin da na sani. Waken gwangwani ya hutar da ni jiƙon kwana, amma bai raba ni da aiki ba.

Tahinar ce ta burge ni. Niƙaƙƙen riɗi ne zalla. Da na buɗe, mai ya taru a sama, ƙasan ya daskare kamar tunkuza, sai da na daɗe ina juyawa da cokali kafin ya haɗe. Ƙamshinta kantun riɗi ya tuna min, ba ɗaci ko kaɗan. 'Yar'uwa, idan kin matsa lemun tsami a kan cokali uku na tahina kika ga ta ɗaure ta yi tauri, kada ki ɗauka ta lalace. Ki riƙa ɗiga ruwan sanyi kina juyawa, za ta saki ta yi fari kamar kindirmo. Sai a sannan wake ya shiga, da tafarnuwa ƙwaya ɗaya da gishiri.

Na gasa karas biyu da jan tattasai har fatarsa ta ƙone na sale, na markaɗa su tare da hummus ɗin. Launin ya koma ruwan goro, karas ya kawo zaƙi, tattasai ya kawo ƙamshin gashi. Sai dai tattasai na sakin ruwa, a rage ruwan da za a zuba.

Burodin Larabawa kuwa na raba shi gida biyu, na yanka kusurwa uku-uku, na shafa man zaitun da gishiri, minti 10 a oven ya yi ƙaras-ƙaras. Na gwada da gurasarmu ma, amma kaurinta ya sa waje ya bushe ciki yana nan da taushi. Ita dangwala ta fi dacewa da ita, da ɗuminta.

Abin da ya tsaya min a rai kuɗin kwalbar ne. Riɗi muke nomawa a Jigawa ana lodinsa zuwa ƙasashen waje, ga shi ina sayen niƙaƙƙensa da tsada. Jiya na soya gwangwani ɗaya na namu sama-sama na markaɗa da ɗan mai. Ya fi na kwalbar duhu da ɗan ɗaci saboda ban surfe shi ba. Na jiƙa wani yanzu, gobe zan surfa in sake gwadawa.