Darasin Ingilishi na yamma a Damagaram: koyon auna amfani da illa ta hanyar wasa

Wata uku ke nan ina zuwa darasin Ingilishi a wata cibiya mai zaman kanta da ke wajen kasuwar Dole, kwana uku a mako, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Aikina ne ya kai ni, domin ina riƙe wa wani ɗan kasuwa takardun kayan da yake sayowa daga Kano, kuma ko da yake da Hausa ake cinikin baki, saƙonnin masu turo kaya daga Legas da Ingilishi suke zuwa. Ga shi kuma kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris 2025, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki, don haka duk wanda ya rabu da Ingilishi tun ajin kwaleji yana da dalilin waiwayarsa.

Babin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na auna amfani da illa, wanda ya ci mana mako huɗu. Ranar farko Malama ta shigo da sikeli irin na masu awo da kwano cike da ƙwallon dabino, ta raba mu gida biyu, sannan ta tambaya: ɗalibin da ya samu BAC, wato shaidar kammala sakandare, ya zauna a nan Jami'ar André Salifou, ko ya tafi Yamai? Duk wanda ya kawo hujja a cikin cikakkiyar jimla yana jefa ƙwallo ɗaya a gefensu, amma ba a ƙirga masa sai ya ƙulla maganarsa da ta wanda ya riga shi, da kalma irin "however" ko "on the other hand". A ganina wannan sharaɗi shi ne ya ɗauki nauyin wasan duka, domin ba yadda za ka ce "amma" ga maganar da ba ka saurara ba. Mutanen da suka saba haddace jimlarsu suna jiran a zo kansu sai ga su sun kasa kunne, suna neman inda hujjar ɗaya gefen ta yi rauni.

Wasa na biyu ya fi wuya kuma ya fi amfani. Mutum yana tsakiyar yabon abu sai Malama ta tafa hannu, nan take ya juya ya faɗi illarsa ba tare da ya yanke jimlar ba. Mun gwada shi a kan kabu-kabu da adaidaita, da wayar hannu a wurin ƴan lakwal, amma ranar da aka taɓo sayen ruwa a wurin ƴan garuwa ajin ya ɗau zafi, domin babu ɗan Damagaram da bai san wahalar ruwa ba. Wani dattijo da ya yi ritaya yana cikin kukan tsadar jarka a lokacin zafi sai aka tafa. Malama ta ce, "Baba, yanzu sai ku kare masu garuwar." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce duk da tsadar, su ne suke kai ruwa lungun da famfo bai kai ba, kuma ya faɗe ta daidai, da "although" a inda ya dace.

Ta wannan hanya ne kurakuranmu suka fito fili, kuma Malama ta san tushen kowanne. Da Hausa muna cewa "ko da yake yana da tsada, amma yana da kyau", shi ya sa kusan dukkanmu muke haɗa "although" da "but" a jimla ɗaya, alhali Ingilishi ɗaya kawai yake karɓa. Faransanci kuma yana sa mu ce "inconvenients" idan muna nufin illoli, alhali a Ingilishi kalmar sifa ce, sunan da ake buƙata shi ne "disadvantages" ko "drawbacks". Ba ta katse mai magana. Tana rubuta kuskuren a gefen allo, bayan wasan ta sa mu gyara da kanmu.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Mun fi ashirin a ɗakin da bai kamata ya ɗauki fiye da sha biyar ba, kuma a wasan gasa masu ƙarfin murya ne suke cinye lokaci. Akwai ƴan mata biyu da rubutunsu ya fi na kowa kyau, amma sai a tashi ba su jefa ƙwallo ko ɗaya ba, saboda nauyin yin gardama da manya a gaban jama'a. Da za a riƙa zaunar da mu bibbiyu kafin a haɗa taron, da sun samu bakin magana. Wani lokaci kuma ana ɗauko tambayoyi daga littafin waje, kamar amfanin jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ajin ya yi tsit, domin mutum ba ya auna abin da bai taɓa gani ba.

Babban giɓin shi ne rubutu. A mako huɗu sau ɗaya kawai muka rubuta sakin layi, alhali ɗaliban da ke shirin BAC, da irinmu masu amsa saƙonni, a takarda za mu fi buƙatar waɗannan kalmomi. Na gaya wa Malama haka, ta ce za ta riƙa ba da aikin gida kowace Alhamis. Kuɗin wata jikka biyar ne, kuma na biya na wata mai zuwa, domin a makon jiya na rubuta wa wani mai turo mana kaya saƙo ina kwatanta biyan kuɗi gaba ɗaya da biya kashi biyu, ya amsa ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba.