Gyaran fuskar fom a Django: wanne ya cancanci ka ɗauka?

Kafin in duba kyawun kowace hanya ta gyara fom a Django, wato kayan aikin gina shafukan intanet da yaren Python, saƙon kuskure nake fara dubawa. Na taɓa karɓar wani aikin rajistar ɗalibai wanda aka rubuta kowane gurbinsa da hannu. A ido ya yi kyau, amma ba a bar wa form.errors, wato saƙonnin kuskuren fom, wuri ba ko ɗaya. Uba zai zauna ya cike komai a wayarsa, ya danna, shafin ya dawo fanko, ba a faɗa masa cewa lambar wayarsa ce ta yi gajarta ba. Shi ya sa rubutun hannu zalla ba ya cikin abin da zan ba kowa shawara.

Zaɓina shi ne abin da Django ke zuwa da shi, kuma mutane da yawa ba su san nisan da ya yi ba. Tun siga ta 1.11, a 2017, ake fitar da akwatunan fom ta tamfilet, wato fayil ɗin HTML da ke tsara kamannin shafi. A Disamban 2021 siga ta 4.0 ta mayar da fom ɗin gaba ɗaya kan wannan tsari, 4.1 ta kawo as_div, sannan 5.0 a Disamban 2023 ta zo da as_field_group, wanda shi ne ya gama da ni. Aikin ba wuya: ka gaji ajin TemplatesSetting, ka saka masa form_template_name da field_template_name, ka nuna shi a FORM_RENDERER, ka ƙara django.forms cikin INSTALLED_APPS. A ƙaramin fayil guda za ka tsara inda sunan gurbi zai zauna, inda bayanin taimako zai fito, da inda jan rubutun kuskure zai tsaya. Daga nan duk fom ɗin da ke shafinka wannan tsarin zai bi. Ka gyara wuri ɗaya, ko'ina ya gyaru. Har ila yau 5.0 na saka aria-invalid da kanta a gurbin da aka yi kuskure, abin da makafi masu amfani da manhajar karanta allo ke dogaro da shi. Ga shi babu kunshin waje da za ka zauna jiran mai shi ya sabunta.

A cikin kunshin waje, django-crispy-forms ya yi suna, kuma yana aiki. Sai dai yana kai tsarin shafi cikin Python ta FormHelper da Layout, don haka mai zanen da HTML kawai ya sani ba ya iya taɓa shi. Tun siga ta 2.0 kuma sai ka ƙara wani kunshin daban kamar crispy-bootstrap5. django-widget-tweaks na da amfani idan class ɗaya kawai kake son liƙa wa akwati. Shi kuwa django-floppyforms, Django ta riga ta karɓe masa aiki.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne wajen pip install, umarnin girka kunshi. Akwai masu ɗora kunshin bogi a PyPI, ma'ajiyar kunshin Python, da suna mai kama da na gaske, suna jiran yatsanka ya zame. A 2017 hukumomin tsaron Sulobakiya sun bankaɗo irinsu guda 10, har da wani django-server. A 2018 an sake gano diango da djago da dajngo. Abin ya kai a Maris na 2024 sai da PyPI ta dakatar da rajistar sababbin masu asusu na ɗan lokaci. Irin wannan kunshi tun lokacin girkawa yake iya fara ɓarna, a kwamfutar da makullan rumbun bayananka suke.

Sai kuma masu tallan “cikakken tamfilet na Django” a farashi mai tsada. Sau tari HTML ne kawai aka canza wa suna: babu csrf_token mai kare fom daga buƙatun bogi, babu non_field_errors mai nuna kuskuren da bai shafi gurbi ɗaya ba, ɓoyayyun gurabe ma an manta da su. Mafi muni, wasu na watsa |safe ko mark_safe a kan abin da baƙo ya rubuta, wato sun buɗe wa mugu ƙofar cusa JavaScript a shafinka. Kafin ka biya ko kwabo, ka ce a nuna maka fayil ɗin fom ɗin. Kafin ka girka kunshi kuwa, kwafo sunansa daga shafinsa na asali a GitHub, ka duba ranar sabuntawarsa ta ƙarshe da sigogin Django da ya ce yana ɗauka.