Wasiƙa daga Bamingam: yadda na yi wa fistin bindigar iska sabon mazauni

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sanyi ya ɗan ja baya, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso kan bindigar iskar marigayi Baba, wadda ka ce yanzu in an harba sai dai a ji "fus", harsashin ya faɗi nan kusa. Ka ce in duba ko zan aiko da sabuwa. Wannan ba zai yiwu ba, domin bindiga ba kayan da ake cusawa a akwati ba ce, ko a nan ko a can. Amma ciwon da ka kwatanta na san shi sarai, don watan jiya na gama jinyar irinsa a tawa.

Tawa tsohuwar HW35 ce, ƙirar kamfanin Weihrauch na Jamus, samfurin da aka fara fitarwa a 1951 kuma har yau ana yin sa. Ta hannu na saya, ina kashe ɓeraye da ita a rumbun wani manomi da ya ba ni izini a rubuce. Ka san yadda irinsu suke aiki: in ka karya bututun, sifirin ya matse, fistin ya koma baya kunama ta riƙe shi. Kana taɓa kunamar sai fistin ya ruga gaba cikin silinda, ya turo iska ta wata 'yar kafa, iskar ce ke fitar da harsashin darma. To duk ƙarfin ya rataya ne a kan abin da ke goshin fistin ɗin, wanda ke hana iska zurarewa ta gefe. A tsofaffin bindigogi fata ce mai siffar ƙoƙo, an ɗaure ta da sukuru ɗaya a tsakiya. A na zamani sil ne na roba mai tauri, wanda ake ɗosawa a kan wani maɓalli da aka sassaƙa a jikin fistin. Da na buɗe tawa, fatar ta bushe ta yi baƙi ƙirin, gefe guda ya ƙone, tana marmashewa a hannu kamar tsohon ƙuliƙuli.

Ta fuskar kaya, gaskiya mutanen Ingila sun tsere mana. Na shiga intanet na tarar da zanen bindigar a warwatse, kowane sukuru da lambarsa. Faɗin silindar milimita 30 ne, daidai da na HW80, wani samfurin kamfanin, saboda haka sil ɗaya ke shiga dukansu. Na biya da kati da daddare, bayan kwana biyu ɗan ambulan ya faɗo ta ramin wasiƙu na ƙofa. Na auna shi, abin da aka rubuta shi na gani. Ba "kawo mu gwada", ba "wannan ma zai yi". Kuma dokarsu ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa cinikin a mayar masa da kuɗinsa. Na tuna yadda muka wuni a Ƙofar Ruwa muna yawo da tsohon oyil sil a hannu, shago bayan shago ana kara shi da wani ana dubawa da ido.

Sai dai sil na roba ba ya zama a kan fistin da aka yi domin fata, don goshinsa a shafe yake, rami ɗaya kawai na sukuru. Dole a sa masa adafta, wato ɗan mazaunin da za a ɗaure da sukuru, sil ɗin ya hau kansa. Ana sayar da shi a shirye, amma wani da ya riƙe bindigar kafin ni ya lalata zaren ramin ya sake yanka babba, don haka na kanti bai dace ba.

A nan na ga ɗaya fuskar ƙasar. Bamingam fa garin maƙeran bindiga ne tun fil azal. A nan aka kafa kamfanin BSA a 1861, gidan gwajin bindigogi na garin yana aiki tun 1813, kuma bindigogi masu ƙanƙara da aka riƙa kai wa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin da, da yawansu daga nan suka fito. Duk da haka na rasa wanda zai sassaƙa mini abin da bai kai kan kwalbar lemo ba. Wani shago da na je, mai shi ya karɓe ni da fara'a, ya juya fistin ɗin a hannu, ya ce shawararsa in sayi sabon fistin dungurungum. In kuma na nace, sai in bar bindigar ta bi layi na makonni, kuma da awa ake lissafin aikin hannu, kuɗin awa guda ya ninka na sil ɗin sau da yawa. Ba a tayi, ba a "rage mini don Allah". Ban ga laifinsa ba, haya da haraji da inshora duk suna wuyansa. Amma raina ya sosu. Da Fanteka ce ta Kaduna, kafin in gama shan ruwan leda wani yaro ya ɗora ƙarfe a inji ya fitar mini da shi, har ya tambaye ni ko a yi biyu.

Sai na ce bari in yi da kaina, kamar yadda ka koya mana a gareji. Na sayi guntun sandar Delrin, wata farar roba ce mai ƙarfi da ke yankuwa kamar ƙashi. Ana yi da ƙarfe ko farin ƙarfe ma, amma wannan ta fi sauƙi ga wanda ba shi da injin sassaƙa. Na yanko ɗan faifai, na huda tsakiyarsa daidai kaurin sukurun, na zura dogon ƙusa mai zare na matse da noti biyu, na kama ƙusan a bakin injin huda, injin kuma na ɗaure shi a jikin tebur. Yana juyawa ina kara magagari, farin gari yana zuba a kan takalmina.

Siffar ita ce duka aikin. Ka juya sil ɗin ka leƙa bayansa, za ka ga ramin ya tsuke a baki ya buɗe a ciki. To mazaunin ma haka zai kasance, siriri a gindi wurin da ya taɓa fistin, mai faɗi a kai, yadda in sil ya hau ba zai zame ba. Kan sukurun kuma sai an yi masa gurbi ya nutse, domin in ya ɗago ko kaɗan shi zai riƙa dukan ƙarshen silinda a kowane harbi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tsayi. Mazauni da sil a haɗe dole su yi daidai da tsayin tsohuwar fatar da wasarta, wato ɗan faifan da ke tare da ita. In sun fi, tafiyar fistin ta ragu, ƙarfi ya ragu. In sun gaza, fistin ya wuce gaba fiye da ƙa'ida ya riƙa bugun sandar da ke ɗana shi, wata rana ta karye. Na farko da na yi da ido na yi shi, ya fito a sake, sil yana juyawa a kai. Na biyu da ma'aunin kauri mai lamba na yi, ina tsayawa ina aunawa bayan kowace shafa biyu ta magagari. Shi ne ya zauna.

Na wanke zaren da fetur, na ɗiga gam ɗin da ke hana sukuru kwancewa, na ɗaure tamau. Sil ɗin na jiƙa shi a ruwan zafi ya yi laushi, na ɗora gefe guda na danna da babban yatsa, sai na ji "ƙas", ya shige. Kafin in mayar da fistin na goge kaifin tsagar silinda da takardar yashi, in ba haka ba ita za ta yanke leɓen sabon sil tun kafin ya yi aiki. Giris kuwa shafa kaɗan a bayan leɓen, ko ɗigo kada ya je gaba, domin zafin matsin iska na kunna mai, ka ji ƙara kamar ta albarushi da hayaƙi, sil ya ƙone.

Ban harba ba sai da na kai ta kulob ɗin masu harbi aka auna ƙarfinta, saboda doka. A Ingila da Wels wanda ya kai shekara 18 yana iya mallakar bindigar iska ba lasisi muddin ƙarfinta bai wuce kimanin jul 16 ba (jul ma'aunin ƙarfi ne), abin da suke kira 12 a ma'auninsu. Ta wuce haka ba takarda, laifi ne mai kai mutum kurkuku, kuma sabon sil kan ƙara ƙarfi ba ka sani ba. A Sikotlan tun ƙarshen 2016 sai da takardar izini, a Jamus kuwa iyakar jul 7.5 ce. Da harsashi mai milimita 5.5, nauyin giram 0.93, tawa ta ba da mita 175 a daƙiƙa, wato jul 14 da ɗan kai. Harbi goma, lambobin kusan a jere. Na yi hamdala.

Game da ta Baba, ban ce lallai ka bar fata ba. In cikin silindar ya karce, fata ta fi roba haƙuri, tana kumbura ta cike gurbi. Ƙirgi mai kauri kuma yana nan birjik a Ƙofar Wambai, abin da ni a nan sai na yi oda na jira. Kowane baduku zai jiƙa shi ya danna cikin bututu ya fitar maka da ƙoƙon. Illarta dai hunturu, tana bushewa in ba a ɗiga mata mai lokaci-lokaci, kuma kada ya zama man inji.

Zan ba mai zuwa gida bayan salla ma'aunin kauri guda da ragowar sandar Delrin. Kafin nan ka sabunta takardar bindigar, don dokarmu ta sa bindigar iska cikin masu buƙatar lasisi. In za ka buɗe ta, ka matse bayanta da abin ɗauri tukuna, sifirin yana da ƙarfin fasa haƙori ko ba a ɗana ba. Ka aiko mini da faɗin cikin silinda, da tsayin fatar, da kaurin sukurun, da hoton goshin fistin, sai in nemo sil ɗin da ya dace.

A gaida Hajiya da kyau, a ce mata maganin ƙafarta yana cikin saƙon.

Ƙaninka.