Gidan jarida ko kamfanin kuɗi: ina ya kamata mai rubuta manhaja ta fara?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya. Kin ce kin gama kimiyyar kwamfuta a jami'ar ATBU, kin kammala bautar ƙasa, ga tayi biyu a gabanki: wata jaridar intanet ta Abuja na son ki riƙe mata shafi da manhajar waya kina zaune a nan Bauchi, wani kamfanin biyan kuɗi ta waya kuma zai ɗauke ki ƙaramar ma'aikaciya a Legas. Na yi shekara uku a gidan jarida kafin na koma ɓangaren kuɗi, don haka bari in ajiye miki su gefe da gefe.

Albashi za a fara tambayarki a gida, kuma nan babu ja, kamfanin kuɗi ya fi biya. Masu zuba jari can suka karkata. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi na Najeriya, kan sama da dala miliyan 200, yau kuma ki shiga kasuwar Wunti ko Muda Lawal ki ƙirga na'urorin Moniepoint da OPay. Jarida da talla take rayuwa, kuma kaso mafi tsoka na tallan intanet Google da Facebook ke kwashewa. Sai dai ki cire hayar ɗaki da kuɗin mota na Legas kafin ki kwatanta. A tayin jaridar ma ki tambaya wa zai biya data da sola, domin wutar JED kaɗai ba za ta riƙe miki aiki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne me za ki koya a shekara biyun farko, don su ne tubalin ginin.

A kamfanin kuɗi lungu ɗaya za a ba ki, wataƙila allon tura kuɗi ko saƙon rasit. Duk layin manhajar da kika rubuta sai wani babba ya duba kafin ya shiga, sai an gwada an sake gwadawa, tunda kobo ɗaya ya ɓace kuɗin wani ne. Za ki fito da tarbiyyar aiki mai kyau. Amma kina iya shekara guda ba ki taɓa sabar ba, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajar a intanet, ba ki san yadda aka ɗinka manhajar daga farko zuwa ƙarshe ba.

A gidan jarida komai naki ne: shafi, rumbun bayanai, hotuna, talla, sanarwar da ke faɗowa a wayar mai karatu. Kuma matsalolin namu ne na gida. Mai karatunki yana Ningi ko Misau da ƙaramar waya da datar da yake tattali, hoto ɗaya mai nauyi ya ishe shi ya rufe shafin. Ga haruffa masu lanƙwasa. Wakili ya rubuta "ƙasa", mai karatu ya nemi "kasa" saboda allon wayarsa ba shi da ƙ, sai shafi ya ce masa babu labarin. Dabarar da ake cire wa é ta Faransanci hula ba ta aiki a nan, domin a Unicode, tsarin haruffan kwamfuta, ƙ da ɗ da ɓ haruffa ne masu zaman kansu, dole ke ki koya wa injin neman cewa 'yan uwan k da d da b ne. Wani salon rubutun ma ba shi da su sam, kanun labari ya fito da akwatuna a tsakiya. Daren da ake jiran sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2023 shafinmu ya durƙushe sau biyu saboda cunkoso. A daren na fahimci amfanin ajiye kwafin shafi a miƙa wa jama'a, maimakon a tashi rumbun bayanai kan kowane mutum ɗaya. Na karanta wannan a makaranta, amma sai da edita ya tsaya a kaina waya na ta ƙara sannan ya zauna mini.

Kada kuma wani ya ce miki aikin jarida ƙaramin aiki ne ga mai manhaja. Django, kayan gina shafin intanet da kuke koyo da yaren Python, a gidan jarida aka haife shi, a Lawrence Journal-World ta jihar Kansas a Amurka. Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara shi a 2003 don su riƙa cim ma lokacin fitar labari, aka sake shi ga duniya a 2005. Rich Harris ma yana aikin jarida ya fito da Svelte, wani kayan gina shafin, a 2016. A nan gida akwai Dubawa mai tantance gaskiyar labarai tun 2018, da Dataphyte mai aiki da alƙaluma. Irin wannan aikin, a ɗauko kasafin kuɗin jiha a mai da shi taswirar da manomin Dass zai gane, sai da mai rubuta manhaja.

Ga inda haɗarin yake, kuma a kansa nake so ki yanke shawara. Gidajen jarida da yawa a ƙasar nan mutum ɗaya suke ɗauka su kira shi sashen fasaha. Babu mai duba aikinsa, babu wanda zai ce masa nan ka yi kuskure. A hankali ya zama mai gyaran firinta da sabunta WordPress, manhajar wallafa shafi, shekara uku ta wuce hannunsa bai ƙaru ba. Na ga wanda hakan ta faru da shi, kuma yaro ne mai ƙwaƙwalwa. A kamfanin kuɗi da wuya ki faɗa wannan ramin.

Hutu kuwa duk biyun ba su da shi sosai. Labari bai san Juma'a ko Sallah ba, haka ma kuɗin da ya maƙale. Nauyin amana ma kowanne da irin nasa: can kuɗin mutane, nan sunan wanda ya tsegunta wa ɗan jarida sirri, wanda in ya fita ta sakacin sabar rayuwarsa na iya shiga haɗari.

Don haka kafin ki amsa wa jaridar, ki kira su ki tambaya: masu rubuta manhaja nawa ne a gidan? Wa zai duba aikina kafin ya hau? Kuna ajiye aiki a Git, mai adana tarihin kowane gyara? Akwai shafin gwaji daban, ko a kan wanda jama'a ke karantawa ake gyara? In akwai babba ko da guda ɗaya da zai riƙa bin layinki, ni jaridar zan zaɓa miki, ki yi shekara biyu kina gaban iyayenki, sannan ki nemi na kuɗin da aikin da za ki nuna. In suka ce ke kaɗai ce, ki zauna da su Baba a yi maganar Legas da wurin da za ki sauka.

Kafin ranar ganawar, ki haɗa ƙaramin shafin nema da zai gano "ƙasa" ko an rubuta "kasa", ki buɗe musu shi a wayarki. In kin maƙale a wani wuri ki turo mini in duba.