Riyal dubu ta Iran da aka rufe fuskar sarki a kanta

Takardar kuɗin da na saya a wurin wani mai sayar da tsofaffin kuɗaɗe ta intanet riyal 1000 ce, daga jerin da Bank Markazi, wato babban bankin Iran, ya fara fitarwa a shekarar 1974, kuma kamfanin De La Rue na Ingila ne ya buga ta. Launinta ruwan ƙasa ne, kuma a asali hoton Sarki Muhammad Reza Pahlavi ne a gefenta na dama.

Tawa kuwa babu fuskar, kuma saboda haka ne ma na neme ta. Bayan sarkin ya bar ƙasar ranar 16 ga Janairun 1979, sabuwar gwamnati ba ta tsaya jiran sababbin kuɗi ba, sai aka bi waɗanda ke ajiye aka danne hoton da zanen rassa da ganyaye masu sarƙe da juna, irin zayyanar da ake ƙawata bangon masallaci da ita. Zanen ya bi siffar kai da kafaɗu sau da ƙafa, ta yadda mai kallo zai san mutum ne a ƙarƙashinsa ko da yake ba ya ganin idonsa. Hatta ɓoyayyen hoton da sai an ɗaga takardar a haske yake bayyana, shi ma an buga masa hatimi.

Bayan takardar ba a taɓa shi ba. Hubbaren mawaƙi Hafiz ne da ke Shiraz, rumfa mai ginshiƙai takwas da ƙubba a samanta, wadda aka gina a 1935. A ganina nan ne aikin ya fi kyau, domin siraran layukan sun fito da inuwar ginshiƙan tsaf.

Wanda ya iya ajami zai karanta «hazar riyal», wato riyal dubu da Farisanci, a jikin takardar ba tare da wahala ba, kamar yadda yake karanta «naira dubu» a tamu.

Abin da ya sosa mini rai shi ne, mai sayarwar ya ce ba a taɓa kashe ta ba, amma na tarar da alamar ninki a tsakiyarta. Akwai kuma masu buga zanen jabu a kan takardun asali don su ƙara musu tsada, saboda haka duk mai son saye ya nemi a turo masa hoton gaba da baya na kusa kafin ya biya.